Jinyar Batirin Wayar Yaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Nafisa ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta gaban masallaci akwai wani dattijo da yake ɗaga mini yatsu huɗu. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa komai. Zan gaya muku abin da yake nufi, amma sai na fara daga kan Yaya.

Yaya Hamisu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muke riƙe da shagon da mahaifinmu ya bar mana a Rumde Ajiya, nan Garwa, muna sayar wa masunta koma da ƙugiya da zare. Shi ne mai magana da mutane, ni ne mai awo da ɗauri. Ya kwanta kwana shida, a na bakwai Allah ya karɓi abinsa. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Bayan sadakar bakwai matarsa, Adda Hajjo, ta aiko mini da wayarsa a naɗe cikin ƙyalle. Saƙon da ta haɗo da shi gajere ne: masuntan tafkin Lagdo lambarsa suka sani, kada a bar shago ya mutu. Na karɓa. Wayar a kunne take, saura kaɗan cajinta ya ƙare. Ina cikin neman inda zan jona ta sai wani abu ya faɗo mini a rai.

Fuskar wayar ba ta da makulli, kowa zai iya buɗewa. Amma pis ɗin da ke ciki, wato sim, yana da lambar sirri guda huɗu, kuma ba ya tambayarta sai in wayar ta mutu an sake kunna ta. Sau biyu na taɓa ganin Yaya yana sa lambar. Sai ya juya mini baya, ya kare wayar da tafin hannunsa, ya danna a hankali kamar mai buɗe akwatin banki. Ban taɓa tambayarsa ba. (Wa yake tambayar wansa irin wannan? Ai gani kake yana nan har abada.) Na kuma san in ka yi kuskure sau uku layin ya rufe, sai mai shi ya je ofis da katin shaidarsa. In mai shi ba ya nan, sai a kai takardar mutuwarsa. Ni kuwa ban je na karɓo wannan takarda ba. Ba nisa ne ya hana ni ba.

Nan take na yanke shawara: wayar nan ba za ta mutu a hannuna ba.

Kada ku ɗauka magana ce ta fatar baki. Na sayi fawabank biyu. Na ajiye caja a shago, ɗaya a gida, ɗaya wajen mai shayin bakin layinmu. In an ɗauke wuta ta wuce wuni ɗaya, sai in hau moto, wato babur, in tafi wajen wani abokina mai sola a bayan gari, in zauna a gindin darbejiyarsa har ta cika. Na rage hasken fuskarta har ya zama in rana ta take sai na shiga ƙarƙashin tebur kafin in ga mai kira. Lokacin zafi, kun san zafin Garwa ba ya jin roƙo, sai in ɗora ta a kan murfin randa ta sha sanyi. Matata Binta ta daɗe tana kallona, wata rana ta ce, "Malam, da ni kake yi wa irin wannan jinya, da yanzu ƙofar ɗaki ba ta ɗauke ni." Na yi kamar ban ji ba.

Sai kuma saƙon nan da ke fitowa kusan kullum da safe. Wayar takan ce akwai sabon tsari da take son ta sauka a kai, abin da muke kira mizajur. A ƙasa akwai wuri biyu, na dama ka yarda, na hagu ka ce sai an jima. Ni karatuna na boko a aji shida ya tsaya, amma "plus tard" kam na san shi kamar sunana. Yaya kullum hagu yake dannawa. Yakan ce sabon tsari cin batir yake yi kamar akuya ta samu takarda, kuma dabara ce ta masu ƙera waya don ka gaji ka sayi sabuwa. Na gaji wayar, na gaji ra'ayin. Ga kuma dalilina na ɓoye: na san mizajur ba ya ƙarewa sai waya ta kashe kanta ta sake tashi.

Da aka shiga shekara sai batirin ya fara gajiya. In ta cika da safe, kafin azahar ta koma rabi. Bayanta ma ya ɗan tasa kamar burodi. Na kai ta wajen Danyel, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, abokin Yaya tun suna samari, yana Hausa irin ta kasuwa da Faransanci a tsakiya. Ya juya ta, ya matsa bayanta da yatsa, ya yi tsaki.

"Patron, batirin nan ya tsufa. Ka gani, ya yi ciki. A canza shi, sannan ka bar ta ta yi mizajur ɗinta."

Na ce, "An ce mizajur ne ke kashe batir."

"Wa ya ce?"

"Yaya."

Ya sake juya wayar a hannunsa, don shi ma rashin ya taɓa shi. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙan Hamisu, amma a nan rabin gaskiya ya faɗa. Kwana biyu ko uku na farko za ta sha batir sosai, kamar matar da ta tare a sabon gida tana ta jera kaya. Bayan nan ta natsu. Wani lokaci ma ta fi da. Wani lokaci kuma, in waya ta tsufa ƙwarai, sabon tsarin ya yi mata nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ka ƙi gaba ɗaya, abubuwan cikinta za su riƙa daina aiki ɗaya bayan ɗaya, ɓarayin waya kuma su sami ƙofa. Taka ba mizajur ke cinye ta ba, tunda ba ta taɓa yi ba. Tsufa ne."

Na ce, "Canza batirin, sai an kashe ta?"

Ya yi dariya. "Patron, ko likita sai ya sa mutum barci kafin ya yanka shi."

Na miƙa hannu na karɓi abata. Ya ce, "Me ke ciki haka da kake tsoro?" Na ce masa ba komai, batir kawai nake ji. (Ku riƙe wannan wurin. Da na buɗe baki na faɗa masa gaskiya a ranar, da babu wannan labarin.)

Ban da masunta, akwai mutum ɗaya da ya sa layin nan ya fi mini komai. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babban da ya rage mana. Yana zaune a Domayo, a Marwa, ya tsufa, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Wayarsa ƙarama ce mai madanni, kuma ba ya karanta boko. Tun da wasu 'yan damfara suka taɓa kiransa da sunan asibiti, ya rantse ba zai ƙara ɗaukar kiran da bai gane ba. Yaya ne ya sa masa hotonsa a wayar, sanye da shuɗiyar hula, ya ce, "Baffa, in kun ga wannan fuskar, ni ne." Juma'ar farko bayan rasuwar na kira shi da layin. Ya ɗauka, na gaya masa ni ne. Daga baya ya ce, "Ka ci gaba da kirana da wannan." Na taɓa cewa a sa masa lambata da hotona, ya ce hoto ɗaya ya ishe shi.

To, Nafisa ita ce 'yar Yaya ta fari. Tun yana da rai aka yi maganarta da Bashiru, wani malamin makaranta ɗan Kaele, yaro mai hankali, su biyun suna son juna. Yaya ya faɗa a gabana, ya kuma faɗa wa dangin yaron, cewa Baffa ne zai ba da ita. Da lokaci ya yi, Baffa ba zai iya hanyar Marwa zuwa Garwa ba. Matarsa Goggo ta taho tare da mata, aka bar maƙwabci yana kai masa abinci. Aka shirya cewa ranar ɗaurin aure zan kira shi a gaban shaidu, ya wakilta ni da bakinsa, sannan in ba da auren a madadinsa. Liman ya yarda, da sharaɗin kowa ya ji muryarsa.

Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar Yaya, kuma wayar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Ina faɗin haka da alfahari a lokacin.

Ranar Asabar ce, cikin tsakiyar zafi. An kafa rumfa a ƙofar gidan Yaya, an shimfiɗa tabarmi, ga goro da dabino a faranti. Na sa babbar riga, na sa fawabank a aljihun ciki, na zaro igiyar caja ta wuyan riga na jona wayar. Mutanen Kaele sun iso tun hantsi a motar haya. Wan ango, Alhaji Sali, mutum ne mai fara'a da son raha, ya zo da wani ɗan akwatin wifi don mutane su tura hotuna. Ya ce, "Kawo taka in jona maka, kada ka ƙona kuɗinka." Ni da Yaya ba mu taɓa jona wayar da wifi ba, 'yar datar da za ta ishe mu muke saya. Amma kyauta ce. Na miƙa. (Ashe abin da wayar take jira ke nan tun zamanin Yaya: caji a cike, hanya a buɗe. Ina can ina gaisawa da baƙi, ita tana cikin aljihuna tana sauke kayanta a ɓoye.)

Wajen sha ɗaya da rabi muna zaune muna jiran liman, na fito da wayar in duba caji. Alhaji Sali ya ga igiyar ta fito daga wuyana, ya ce, "Surukina, wannan waya ce ko majinyaci ake yi wa ƙarin ruwa?"

Aka yi dariya. Da na yi dariyar tare da su na mayar da ita aljihu, da shi ke nan. Amma ni mutum ne da ba ya yawan magana, kuma irinmu in muka fara ba mu san wurin tsayawa ba. Na gyara zama na shiga yi musu wa'azi a kan batir. Na ce matasan yanzu ba su san darajar abu ba, duk abin da waya ta ce musu sai su ce to. Na kawo maganar akuya da takarda kamar ni na ƙirƙiro ta. Ina cikin haka sai ga saƙon ya fito, kamar an kira shi. Na ji daɗi. Na ɗaga wayar na juya fuskarta wajen mutanen Kaele.

"Kun gan ta ko? Wata goma sha huɗu kullum sai ta roƙe ni. Kullum kuma amsata ɗaya ce. Ga ta."

Na danna, idona a kan jama'a. Yatsana ya san wurin, me zan duba?

Alhaji Sali ya leƙo. Murmushinsa ya ragu. Ya ce, "Kai, surukina, ba 'plus tard' ka danna ba fa."

Na juyo da wayar. Saƙon ba irin na kullum ba ne, tunda ta riga ta gama sauke kayan, wuraren dannawar sun canza. Kafin in gama haɗa haruffan, fuskar ta yi baƙi. Baƙi ƙirin. Rabona da ganin wayar nan a haka tun Yaya yana da rai. Sai wani ɗan layi ya fito a tsakiya, da rubutu a ƙasa wai kada a kashe.

A daidai lokacin liman ya yi sallama.

Aka tashi aka gaisa, aka ba shi wuri. Ya yi addu'a, ya tambayi wakilin ango, Alhaji Sali ya amsa. Ya tambayi waliyyin amarya. Duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, waliyyi yana Marwa, yanzu za a kira shi. Wayar ce take ɗan wani aiki."

"Wane aiki?"

Wani daga baya ya ce, "Mizajur take yi, Malam."

Liman ya ce to a kira shi da wata wayar mana. Na faɗa musu halin Baffa, ba su yarda ba sai da suka gwada. Alhaji Sali ya kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Liman da kansa ya karɓi lambar ya kira sau biyu. Shiru. Aka nemi maƙwabcin da ke kai masa abinci, aka ce ya tafi kasuwa.

Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce, "Ai kai ma baffanta ne, ƙanin mahaifinta. A shari'a in ka ba da ita, aure ya ɗauru. Mu yi abin da ya tara mu."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma na ji bakina yana cewa, "Malam, a yi mini haƙuri. Mahaifinta ya ce Baffa. Ba shi nan balle in nemi ya canza."

Liman ya dube ni, ya dubi agogonsa. Ya ce yana da jana'iza bayan azahar a wata unguwa, ba zai sa gawa jira ba. In an kira salla ba a samu Baffa ba, ko dai in ba da auren da kaina, ko a ɗaga zuwa wata rana. Mutanen Kaele suka dubi juna, don motarsu ta wuni ɗaya ce.

Haka fa dattawa sama da hamsin suka zauna a cikin wannan zafi suna kallon ɗan layi yana tafiya. Ban taɓa ganin abu mai nawa irinsa ba, hawainiya ma ta fi shi sauri. Wayar ta ɗau zafi a hannuna. Babu randa a kusa, sai na cire hulata na shiga yi mata fifita. Ban san ina yi ba, wallahi, sai da na ji dattijon nan na masallaci yana cewa, "A kawo mata ruwan sanyi mana, ko kunu za ta iya sha?" Wasu suka tuntsire, wasu suka sunkuyar da kai don kunyata. Ango yana gefe yana ta share gumi, ko ɗaga ido bai yi ba. Ni dai fifita nake, kaina a buɗe, igiya a wuya.

Layin ya cika saura kamar minti ashirin a kira salla. Wayar ta mutu, ta sake tashi. Jama'a suka ce alhamdu lillahi. Ni kaɗai na san ba a fara ba. Ga gurabe huɗu sun fito a fuskarta, tana neman lambar pis, a ƙasa an rubuta saura gwaji uku.

Alhaji Sali ya ce, "To bismilla, sa lambar."

Na ce, "Ban san ta ba."

"Ba ka san ta ba kamar yaya?"

"Ta Yaya ce. Shi ya sa ban taɓa barin ta mutu ba."

Abin da na ɓoye wa matata, na ɓoye wa mai gyara, shi ne na faɗa a gaban surukai da liman da rabin unguwa. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

Danyel yana cikin 'yan gayya, a tsaye a bakin rumfa. Ya matso ya ce a hankali, "Patron, ashe wannan ne. Gwada sifili huɗu. Da shi ake sayar da pis, mutane da yawa ba sa canzawa."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na tuna yadda Yaya yake juya baya yana kare wayar da hannu. Na ɗaga murya, yadda har na ƙarshen tabarma zai ji, na ce, "Yayana ba mutumin da zai rufe layinsa da sifili ba ne."

Danyel ya ɗaga hannuwa ya koma wurinsa.

Na yi bismilla na sa shekarar da aka haifi Nafisa. Ba ita ba ce. Saura biyu. Na yi tunani mai zurfi irin na masu hankali, na sa shekarar da mahaifinmu ya rasu. Ba ita ba ce. Saura ɗaya. In na sake kuskure, layin ya tafi, hoton da Baffa yake jira ba zai ƙara fitowa a wayarsa ba.

Sai na ji muryar Binta daga bakin zaure: "Malam, Adda tana kira."

Dole in faɗi wani abu a nan. Da, ni da Adda Hajjo abokan wasa ne, irin wasan ƙanin miji da matar wa. Ba na shiga gidan ban ce miyarta ta yi gishiri ba, ita kuma ba ta barina in fita ba ta ce kaina ya yi kama da tulu ba. Tun ranar da aka fita da Yaya wasan ya tsaya. Nakan tsaya a zaure in gaishe ta kaina a ƙasa, in ajiye abin cefane, in juya. Ban taɓa ambaton sunansa a gabanta ba. A ganina tausayinta nake yi.

Na ratsa tsakar gida cike da mata, ba hula, igiya tana reto a ƙirjina. Adda tana zaune a ƙofar ɗakinta, Goggo a gefenta, Nafisa a ciki an lulluɓe ta. Adda ta ce, "Me ya tsayar da auren 'yata?"

Na durƙusa na faɗa mata komai, daga ranar da ta aiko da wayar a ƙyalle har zuwa gwajin da ya rage.

"Wata goma sha huɗu?"

"E, Adda."

"Har da ɗora ta a kan randa da Binta take ba ni labari?"

"Har da shi."

Ta ce, "Sifili huɗu ne."

Na ce, "Adda, ai yana karewa da hannu in zai sa."

"Kunya yake ji kada ku gane bai iya canzawa ba. Yayanka da hula ɗaya ya yi shekara goma, lamba ce zai canza?"

Sai ta fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ya kwanta. Ta yi har ta riƙe ciki, mata suka kama, har daga cikin lulluɓi na ji Nafisa tana ƙyalƙyalawa. Daga nan dariyar Adda ta juye ta zama wani abu dabam, ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

Na ce, "Ban so in tayar miki da abin ba."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ya kwanta, balle ka tayar?"

Na ɗago wayar zan danna, ta ce, "A'a, mai kan tulu. Koma waje ka danna a gaban mazan, su ka shanya a rana."

Na koma rumfa. Liman ya ce, "An samu?" Na ce an samu. Alhaji Sali ya ce, "Mece ce?" Na yi kamar ban ji ba, na juya baya, na kare wayar da tafin hannuna. Ina yin haka na gane abin da nake kwaikwayo. Amfanin me? Danyel ya riga ya zagayo yana leƙe ta kafaɗata, yana ƙirgawa da ƙarfi: "Sifili. Sifili. Sifili. Patron, saura ɗaya, kada ka gaji."

Wayar ta buɗe.

Ba zan iya kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Liman ya rufe baki da gefen rawaninsa, amma kafaɗunsa sun tona shi. Dattijon nan ya ɗaga yatsu huɗu sama, kuma kamar yadda na gaya muku, har yau bai sauke ba.

Na kira Baffa, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Ina kuka shiga ne? Tun safe nake riƙe da ita a hannu. Wasu ɓarayi sun yi ta kirana da baƙin lambobi, har sau uku, ban kula su ba."

Alhaji Sali ya dubi liman, liman ya dubi sama.

Na ce, "Baffa, ga Malam, ga shaidu, ana sauraronku."

Muryarsa ta canza. Ya yi salati, ya ambaci sunan Nafisa da na mahaifinta, ya ce, "Hamisu ya ba ni amanar in ba da ita. Ƙafa ta hana ni zuwa. Na wakilta ƙaninsa, ya ba da ita da yawuna." Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Allah ya kai haske kabarinsa." Jama'a suka ce amin. Na ba da auren, aka shafa fatiha, ana rabon goro ladan ya kira salla.

Abin da Danyel ya faɗa shi ya faru. Kwana uku wayar tana shan batir kamar an huda ta, har na fara shirin zuwa in ce masa ai ga maganar Yaya ta fito. A na huɗu ta natsu. Ba ta zama sabuwa ba, ba ta kuma lalace ba. Mako na zagayowa na kai ta aka canza batirin. Danyel ya miƙo hannu zai kashe ta, na ce ya bari. Ni na danna da kaina, na riƙe har fuskar ta yi baƙi. Ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatinsa har na gama share fuskata. Ranar Litinin ta gaba na je na karɓo takardar mutuwar Yaya, na kai ofis. Layin yanzu da sunana yake, lambar kiran ba ta canza ba, kuma duk Juma'a shuɗiyar hular tana fitowa a wayar Baffa. In na shiga gidan Adda kuwa, miyarta ta koma yin gishiri.

Abin da na koya ba shi da yawa. In waya ta nemi mizajur, ka kai ta wajen wanda ya sani, ka kuma gaya masa ainihin abin da kake tsoro, ba wanda ya fi daɗin faɗa ba. In abu ya shige maka duhu game da wanda ya tafi, ka tambayi waɗanda ya bari, su ma jira suke a ambace shi. In kuma za ka yi wa surukai wa'azi, ka ɗauke yatsanka daga kan waya.

Dattijon masallaci kuwa na daina sauya hanya saboda shi. In ya ɗaga yatsu huɗu, sai in haɗa babban yatsa da manuni in yi masa sifili, in wuce. Lambar sirrin ma har yau ban canza ta ba. Na gwada sau ɗaya, ban iya ba.